Yadda munka mayar da fakon bayan gari filin kwallo

Jiya da marece ina zaune bakin fili ina kallon kananan yaranmu suna tirenin, sai wani yaro da bai wuce shekara sha biyu ba yazo yace mani wai Koci raga ta yage ta gefen hagu yaushe za a sayo sabuwa. Sayo! Dariya ta kama ni, don shi a tunaninshi raga kasuwa ake zuwa a dauko ta, fili kuma tun farkon duniya yake nan da turakunshi da layukanshi. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda abin ga ya faro tun mantuwa bata kama ni ba, tunda cikin mu bakwai da munka fara biyu sun riga mu gidan gaskiya Allah shi jikansu, uku suna can wajen ci-rani, saura ni da ma'ajinmu, shi ko in ka tambaye shi labari lissafin kudi kawai zai karanto maka.

Garinmu dan kauye ne cikin kasar Argungu, gefen fadama. Mu nan abin da anka gada na wasa kokawa ce da dambe da su. Yaro in ya tashi burinshi bai wuce ya kada wani a dandali bayan kaka ba, ko ranar bukin kamun kifi ya fada Matan Fada da homa da gora ya fito da giwan ruwa a dauke shi hoto. Kwallo abin yan birni ce. Ni dai ta shiga raina 1996, ina aji hudu, wani malamin firamare yana da yar talabijin baka da fara da yake hadawa da batirin mota, eriya saman doguwar gora, in hoto ya fara ruwa sai a tura yaro ya je ya juya. Nan munka ga Najeriya da Barazil a gasar Olamfik ta Atlanta cikin dare, an ci mu 3 da 1 har wasu sun tafi barci, sai ga abu ya juye Kanu ya rama ana gab da tashi kuma ya kara ta hudu, daga baya anka cinye Ajantina 3 da 2 anka dauko zinare. Abin da yafi tsaya mani ba Kanu bane, jin sunan Garba Lawal da Tijjani Babangida cikin tawagar ne, nace ashe mai suna irin namu ma ana zuwa dashi. Daga nan sai kwallon tsumma a lungu, kafa ba takalmi, farce ya fita a zuba kasa a ci gaba.

Haka munka yi ta bugawa shekara da shekaru ba tsari, duk inda anka samu sarari, gonar da anka girbe, filin makaranta in hedimasta baya nan, a aje takalma biyu a ce gola kenan, in kwallo ta bi sama a tsaya gardama rabin awa ko ta shiga ko bata shiga ba. Sai daren 10 ga Fabrairu 2013 da Najeriya ta dauki kofin Afirka, muna gidan kallo an cika makil janareto na ihu, Sunday Mba ya ci Burkina Faso kwallo daya tilo. Da munka fito munka zauna teburin mai shayi, wani cikinmu yace kun lura wanga Mba din nan gida Najeriya yake buga kwallonshi ba Turai ba, kocin Najeriya Keshi ya dauko shi, ga Ahmed Musa kuma shekaran jiya-jiya yana Kano Pillars. Wani yace to su ma ai daga wani lungu sunka fito. Kafin mai shayi ya kashe wuta mun nada ciyaman, mun nada sakatare da ma'aji, ni anka ba ni koci don gwiwata ta dama ta riga ta lalace bani iya gudu. Kulob ya samu shugabanni hudu, bashi da kwallo ko daya.

Fili shi ne farkon wahala kuma har gobe shi ne babbar magana. Bayan gari ta yamma akwai wani fako, kasa ce jar tauri ko ciyawar kirki bata fitowa sai tsidau da karangiya da yan sabara, babu mai noma shi tun tasowata. Munka sayi goro munka bi ta hannun sarkin samari zuwa wurin Maigari. Ya saurare mu tsaf, yace to samari naji, amma ku tafi ku ji ta bakin Liman. Liman bai hana ba, sai dai ya gindaya sharudda uku, da an kira magariba a aje kwallo ko da fanareti za a buga, wando shi rufe gwiwa, kuma ba caca ba zage-zagen iyaye. Munka ce Allah shi gafarta Malam mun yarda. Munka koma wurin Maigari yace saura Ardo, don gefen fakon ta arewa burtali ne nan shanu ke bi zuwa mashaya. Ardo mutumin kirki, yace muddin baku toshe hanya ba ba ruwanshi, amma in saniya ta ratsa ana wasa kar wanda ya jefe ta. Har yau dokar tana nan, in garke ya shigo rafali busa yake a jira su wuce, baki in sun zo suna mamaki mu ko mun saba.

Muna murna an gama sai ga kanen kakana, wanda duk muke ce ma Kaka, ya taso da sandarshi yace fakon ga gonar ubanshi ce, tun zamanin da ake biyan jangali. Shekara nawa ba wanda ya taba jin ya ambaci wurin. Na same shi gida na durkusa nace Kaka don Allah ka bar muna, yace kai dan nan, katti da gemu ku tube ku dinga bin fata da gudu awa karnukan farauta, wanga wane irin aiki na? In karfi ya yi muku yawa ga fadama can. Sau hudu ina komawa. Karshe dai innata ce ta shiga maganar, ban san mi ta fada mishi ba, sai ya aiko a ce muna ya ba mu aro, aro fa ba kyauta ba, ranar da ya ga dama zai amshi abinshi. Munka ce ko aron ne mun gode.

Sai gayya. Juma'a uku a jere bayan an sauko masallaci, da fartanya da gatari da tsintsiyar kaba. Sabara bata da wuya, suri ne ya ba mu ruwa, akwai wani kato daidai inda tsakiyar fili zata kasance, mun fasa shi mun baje bayan sati biyu ya sake tasowa, sai da anka haka rami mai zurfi anka ciro uwar garar. Tsidau kuwa ba a gama shi, tsofaffin buhunan algarara munka dinga ja a kasa suna kwashe kayar, da tsofaffin silifa, duk da haka shekarar farko duk wanda ya fadi sai an zauna da allura ana cire mishi.

Awon filin wani birkila ya yi muna da tef dinshi. Ni a zatona kafa za mu sa mu taka, yace a'a in kun yi haka fili zai fito kamar gyauton zane. Shi ya koya mani yadda ake fitar da kusurwa da igiya, a auna uku nan, hudu nan, in tsakaninsu ya ba da biyar to kwana ta mike. Wurin bai kai girman filayen da muke gani a talabijin ba, mita 95 munka samu a tsawo 60 a fadi, amma doka ta yarda tunda mafi karanci 90 ne da 45. Da'irar tsakiya mita 9.15, gidan gola babba 16.5, wurin aje fanareti mita 11. Layi kuma da toka, matan da ke turara shinkafa suna da ita tuli, yara su bi gida-gida da bokiti. Matsalarta in iskar hunturu ta taso kafin haf tayim rabin layin ya tafi Nijar.

Turakun farko na dogonyaro ne, fadi mita 7.32 tsayi 2.44 yadda doka tace, sai dai na saman ya lankwasa a tsakiya kamar bakan maharbi, golanmu yana jin dadin haka don sama ta rage mishi. Damina daya gara ta cinye gindinsu, wata rana wani ya dirka shot ya bugi turke duk abin ya kife saura kadan ya danne gola. Sai da munka shekara biyu kafin munka samu tsofaffin bututun rijiyar burtsatse anka kai Argungu mai walda ya hada, anka dauko su a amalanken shanu. Raga kuwa da yaron ga ke cewa a sayo, wani tsohon masunci ne ya saka muna ita da hannunshi, da zaren da yake saka taru, ya tambaye ni girman ido nace Baba yadda dai kwallo ba zata wuce ba, yayi dariya yace wanga kifi naku ai mai saukin kamu na. Bai amshi ko sisi ba sai kudin zare. Ya rasu, danshi ke yi muna gyaranta yanzu.

Suna ma sai da anka kusa dambe. Yan Arsenal sun ce Gunners, yan Man U sun ce ba a isa ba, yan Chelsea lokacin suna ji da kansu don sun dauki kofin zakarun Turai 2012, akwai masu cewa a sa Pillars. Karshe anka sa sunan gari anka lika United a baya. Sarkin samari yace United din mi, ku da ko kan suna baku hadu ba.

Maganar kudi nan nake so masu shirin kafa kulob a kauye su bude kunne. Mun fara da karo-karo naira hamsin duk sati. Wata biyu abin ya mutu, don wanda yafi kowa iya kwallo shi ne baya biya, kuma ba ka iya aje shi benci ranar wasa, shi ko mai biya ya ga haka ya daina. Mun gwada tara, wanda ya makara tirenin naira ashirin, nan ma rigima. Abin da ya fisshe mu shinkafa ce. Bayan da Buhari yazo Birnin Kebbi karshen 2015 ya kaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, noman rani ya bude sosai, ko ina injin ban ruwa ke kara cikin fadama, masu gona suna neman yan kwadago ido rufe, lokacin dashe da lokacin yanka da bugu. Sai ma'ajinmu ya kawo shawara, mu ashirin da wani abu ne majiya karfi, mu dinga daukar aikin gona jimla da sunan kulob rana daya a sati, rabi a raba rabi a zuba asusu. Wallahi wanga shi ya tsayar damu. Wanda bai zo gona ba bai buga wasa, kuma wannan kowa ya yarda da ita don a gaban kowa ake yi, ba a boye laka a kafa. Daga baya har munka amshi aron yar gona munka noma tamu. Ma'aji yana da littafi mai bango ja, ko ruwan leda anka saya sai ya rubuta, mun sha zaginshi da mako amma ba don shi ba da tuni an watse.

Jesin farko gwanjo ne daga kasuwar Birnin Kebbi, ruwan dorawa, ba duka kalar ta zo daya ba, mai fenti ya rubuta lambobi da ya sha wanki biyu lamba 8 ta koma 3. Lokacin zabe wani dan takara ya aiko muna da sabbi fil guda goma sha takwas da kwallo biyu, da hotonshi a kirji kato. Munka sa sau daya. Washegari rabin gari sun daina gaishe mu, mai gonar da muke yi ma aiki yace tunda mun zama yan jam'iyya mu je can su ba mu aikin. Munka ninke su munka aje, kwallayen dai mun buge su har sunka mutu. Tun daga nan doka ce a rubuce, dan siyasa in zai taimaka ya kawo kwallo ko but ko kudin mota, mun gode, amma ba hoto.

Wasanmu na farko na waje, wani gari ne hayin gulbi, a jirgi munka ketare, anka lallasa mu 6 da nema. Ba don sun fi mu karfi ba, mu fa masu bugun shinkafa ne, matsalar kowa lamba tara yake so, in kwallo ta tafi gabas mutum goma sun bi ta, gola shi kadai a baya yana salati. Ni kuma koci ban san komi ba sai ihun ku tafi ku tafi. Allah ya kawo wani dan bautar kasa karamar sakandaren da ke kusa damu, dan kudu ne Hausarshi bata wuce sannu da ina kwana ba, amma ya buga kwallo a jami'a. Shi ya zana muna tsarin tsayuwar yan wasa na 4-4-2 a kasa da tsinke, ya daure yan bayanmu hudu da igiya daya a kugu yana sa su tafiya tare don su koyi rike layi da tarkon ofsaid, mutane sunka taru suna dariya wai an daure su kamar awakin kasuwa. Ya hana mu shan fura mu koshi kafin wasa. Ya koya mani in rubuta abin da za a yi a tirenin tun daga gida. Wata goma yayi ya tafi, amma komi nake koya ma yara yau asalinshi nashi ne. Da munka koma hayin gulbi shekara ta zagayo 1 da 1 anka tashi, mun dawo cikin jirgi ana kida da bokiti kamar mun ciyo kofin duniya.

Sai rajista. Wasan sada zumunci da gasar sallah ba mai tambayarka takarda, amma in kana son shiga gasar da hukuma ta sani dole kulob shi zama yana cikin littafi. Don masu tambaya, tsarin kamar tsani yake, can sama babbar gasar kasa NPFL inda su Pillars suke, kasanta NNL, kasanta NLO, sannan gasar jiha da ta kananan hukumomi, mu muna can gindin tsanin inda kafarshi ta taba laka. Amma akwai kofin kalubale da ake bugawa tun 1945, wanda daga jiha ake farawa, karamin kulob na iya haduwa da babba, wannan mafarkin shi ya dinga ja mu. Ni da sakatare munka je munka amso fom. Ana son sunan kulob da shugabanni, tsarin mulki a rubuce, kalar jesi, sunayen yan wasa kowa da hoton fasfo da ranar haihuwa, sai kudin rajista. Tsarin mulki malamin makaranta ya taimaka muna, shafi uku, sharuddan Liman su ne farko.

Ranar haihuwa nan anka yi ta. Cikin yaranmu mutum uku kawai ke da takardar haihuwa. Sauran sai na bi gida-gida ina tambayar uwaye, Inna yaushe anka haifi wane? Sai tace ai shekarar da Abacha ya rasu ina goyonshi, to 1998 kenan ko kafin nan kadan. Wata tace da damina ne shekarar da anka koma mulkin farar hula, 1999. Wani babba cikinmu innarshi tace shekarar da anka ba mu jiha, 1991 kenan, shi ko ya rantse shekararshi ashirin. Haka munka hada, anka je anka yi takardar rantsuwar shekaru, in ka duba fom dinmu kusan rabin kulob 1 ga Janairu anka haife su. Hoto kuma mai hoto munka dauko daga birni a kabu-kabu, ya rataya farin zane jikin bangon makaranta, riga daya mai kwala duk anka dinga karba-karba. Da hotunan sunka zo mutum hudu sun fito baki kirin sai hakora, sai da anka sake. Ranar kai fom kuma mun isa Birnin Kebbi sakatare ya laluba jaka babu ambulan din hotunan, ya baro shi kan tabarma gida. Kudin mota biyu. Ban yi mishi magana ba har munka dawo. Amma ranar da munka kammala, na bi da yara uku da sunka raka mu ta filin wasa na Haliru Abdu sunka leka ciki, dayansu ya dade shiru sannan yace Koci ashe wurin zaman yan kallo ma gina shi ake.

Yanzu bari in fadi abin kunyar, don in na boye wani zai fada. Shekararmu ta biyu a gasar karamar hukuma mun kai semi fainal, lamba taranmu ya samu targade, dan tsakiyarmu kuma babanshi ya tura shi kai albasa kudu. Wasu sunka zo sunka ce Koci kowa fa haya yake, akwai yara biyu a birni in an biya su zasu zo. Ma'aji yace shi ba zai fidda kudin asusu don wanga aiki ba, in rubuta mi a littafi? Ni da ciyaman munka biya daga aljihu. Munka bambare hotuna biyu jikin lasin, wato katin shaidar dan wasa, munka lika nasu. Mun ci wasan 2 da 1, dan hayar shi ya ci duka biyun. Ashe cikin yan kallo akwai wanda ya san shi, unguwarsu daya. Kafin magariba an shigar da kara, anka kira mu gaban kwamiti, anka ce yaron ya fadi sunan kakanshi da sunan Maigarinmu, ya tsaya yana kallona. Anka kore mu daga gasar anka ci mu tara, kuma daidai ne, ba wanda ya zalunce mu. Abin da yafi tarar ciwo, akwai yaro dan garinmu da shekara uku bai taba fashin tirenin ba bai taba fashin gona ba, shi ya kamata ya shiga ranar, na aje shi benci saboda bako. Bai ce mani komi ba, ya ninke jesinshi ya ba sakatare, bai sake dawowa ba. Na je gidansu sau biyu. Yanzu yana Legas yana kabu-kabu, in yazo sallah muna gaisawa lafiya lau amma ko kallon fili baya yi.

2020 ta zo da korona anka dakatar da wasanni, muna cewa bari damina ta wuce mu farfado, sai ambaliyar karshen Agusta zuwa Satumba ta shafe fadama, duk wanda ke Kebbi ya san abin da shinkafa ta gani shekarar. Gonar kulob ko zangarniya daya bamu cira ba, ga bashin taki. Masu gonar da ke ba mu aiki su ma ta kansu suke. Cikin wata uku yan wasa goma sha daya sunka bar gari, Legas, Abuja, wasu wajen hakar zinare. Akwai marecen da na je fili mu hudu ne, ni da ma'aji da gola da wani yaro. Munka yi ta buga ma gola fanareti har anka kira sallah.

Daga nan na daina jiran manya. Dama kullum akwai kananan yara da ke tsayawa bayan raga suna tsinto muna kwallo, su na tara, yan shekara goma zuwa sha hudu, nace duk mai so ya zo amma sai da yardar babanshi kuma sai in ya je makaranta, boko ko allo, malami ya shaida. Su ne yanzu manyan kulob din, su sunka kai mu fainal na karamar hukuma bara, an cinye mu a fanareti amma ko wane lasin hoton mai shi ne a jiki. Tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 zuwa wasan waje ya zama aiki, da mota daya muke dauka shata, yanzu in garin bai yi nisa ba kekuna da kafa, mu tashi tun azahar. But har yanzu karba-karba ake, wanda anka canza ya cire ya ba mai shiga, in ya yi mishi yawa a cusa leda.

Bara waccan kuma sai ga wasu da tef da turaku sun zo suna auna gefen fili, gari ya fara matsowa ta yamma kowa na son fuloti, wai ai fakon bashi da mai shi. Hankalina ya tashi don mu ko yar takarda bamu da ita, aro ne na baki. Magana ta kai gaban Hakimi. Anka ce a kira Kaka, yanzu baya gani sosai sai an rike mishi hannu. Ni na dauka ranar zai ce a ba shi abinshi ya sayar, don kudin da ake fada ba kadan bane. Hakimi yace Baba wurin ga naka na? Yace ranka shi dade na ubana na, kuma na ba diyan ga aro, ban ce su maido ba tukuna. Hakimi yace to a rubuta. Yace a rubuta aro, in na mutu shi zama nasu, amma in sunka bar wasan sunka ce zasu saida, ban yafe ba. Anka rubuta, ya dangwala yatsa, Maigari da Liman da Ardo sunka sa hannu, munka kai karamar hukuma anka buga hatimi. Takardar tana cikin littafin ma'aji mai bango ja, mun yi hotonta kwafi biyar. Munka dasa dogonyaro layi daya ta gefen gari don kowa ya san iyaka, akuya ta cinye bakwai saura tara.

Kaka yanzu duk ranar wasa sai an kawo shi, jikanshi ke dauko mishi tabarma ya shimfida ta bayan ragar kudu inda inuwa take, yana ba shi labarin abin da ke faruwa tunda ido ya tafi. Har yau bai yarda kwallo aikin kirki bace, yace zuwa yake ya duba gonarshi. Satin da ya wuce yaronmu ya ci kwallo layinsman ya daga tuta, jikan yace Kaka an hana, ofsaid ne, ya riga yan bayansu shiga. Tsoho ya buga sanda kasa yace a kira mishi rafalin, shi tunda yake bai taba jin inda mutum ya riga kowa isa wuri anka ce ya yi laifi ba.